Gayya A Zamanin Kwamfuta

Jama'a, masana suna ja-in-ja a kan wata magana, watau ko jari-hujja ce ta haifi gayyar da masu rubuta manhajar kwamfuta su ke yi.

A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da Linux kyauta, kowa ya duba, ya gyara, ya ƙara. Sha'awa ce ta sa shi. Da aikin ya yi albarka, sai attajirai suka shigo, har a 2019 kamfanin IBM ya sayi Red Hat, mai cinikin hidimar Linux, a kan dala miliyan dubu 34.

Mu dai a ganinmu gayya ta girmi jari-hujja. Abin tsoro ɗaya ne, kada 'yan gayya su tashi da gajiya, wani ya kwashe amfanin gonar.