Abin da ke jiran maniyyaci a cikin jirgin sama

Ga maniyyata da dama daga Anka da Gummi da Bukkuyum a jihar Zamfara, tafiya aikin Hajji ita ce karon farko da suke shiga jirgin sama.

Shekara da shekaru dai alhazan jihar sun riƙa tashi daga filin jirgin saman Sakkwato, akasarinsu a kujerun gama-gari, inda wurin miƙe ƙafa ya yi ƙaranci.

Tafiyar kan ɗauki kimanin sa'o'i biyar, amma a 2023 ta ƙara tsawo bayan da yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan.

Doguwar zaman na da nasa haɗarin. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yiwuwar daskarewar jini a jijiyoyi na ninkawa idan matafiyi ya shafe sa'o'i huɗu ko fiye a zaune, ko da yake abin kan sami kimanin mutum 1 ne cikin 6,000.

Wasu dattawa kan ƙi shan ruwa don gudun shiga makewayin da ba su saba da shi ba, alhali iskar cikin jirgi a bushe take.

Likitoci na ba da shawarar a sha ruwa, a riƙa motsa ƙafafu, kuma a miƙe a ɗan taka lokaci-lokaci.