Minti Biyu Kafin A Ɗauki Biro

A ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, asibitocin Daura kan cika maƙil. Daga Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa ake zuwa, har da 'yan'uwanmu na Nijar masu shigowa ta Kwangwalam. Likita na zaune, ga kati jibge a gabansa, ga jama'a a bakin ƙofa. Wani lokaci kafin mara lafiya ya gama gyara zama har an fara rubuta masa magani. Yawan aiki ne ke jawo haka, kuma ina tausaya wa ma'aikatan. Amma abin da ake rasawa a wannan gaggawar babba ne.

A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Howard Beckman da Richard Frankel, sun naɗi hirar likitoci da marasa lafiya, suka gano cewa a matsakaici bayan daƙiƙa 18 kacal likita ke katse mai magana. Tsoron likitoci shi ne in an sake wa mutum baki ba zai yi shiru ba. A 2002 aka gwada hakan a birnin Basel na Suwizalan, aka bar marasa lafiya su yi bayani ba katsewa. Kusan kashi 80 cikin 100 sun gama cikin minti biyu. Tun 1975 ma wani bincike a Ingila ya nuna cewa cikin marasa lafiya 80, an gano cutar 66 daga labarin da suka bayar, tun ba a kai ga gwaji ba.

To, a ƙasar Daura sauraron ya fi haka wuya, domin mutumin nan ba ya faɗin ciwonsa kai tsaye. Ka ce wa dattijo, "Baba, yaya jiki?" zai ce maka, "Da sauƙi, alhamdulillahi," alhali kwana uku bai runtsa ba. Tarbiyya ce da tawakkali, kuma abin girmamawa ne. Likitan da ya tsaya a wannan amsar bai ji komai ba tukuna. Sai ya sake tambaya, "Baba, jiya da dare ka samu barci kuwa? Ka iya zuwa masallaci da ƙafarka?" A nan ne gaskiyar lamarin ke fitowa.

Ga kuma kunya. Matar da ta shigo tare da surukarta ba za ta buɗe baki ta ce jini bai tsaya mata ba tun da ta haihu, balle ta ambaci yoyon fitsari. Za ta ce ciwon mara ne, ta sunkuyar da kai. Ungozomar da ta san aikinta kan ce, "Hajiya, ɗan ba mu wuri in duba ta," ta ja labule, ta sassauta murya. Wanda ya ce sanyi ke damunsa, ƙila gaɓɓai yake nufi, ƙila kuma abin da ba ya iya faɗa a gaban ɗansa ne.

Haka batun jiƙe-jiƙe. Da yawa sai sun sha sassaƙe ko sun bi ta kemis kafin su iso asibiti. In aka tarbe su da faɗa, za su ɓoye, likita kuma ya rubuta magani a kan maganin da bai san an sha ba. "Me aka ɗan gwada a gida kafin a zo?" ta fi tsawa fito da gaskiya.

Doka ma ta san da wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a yi wa mara lafiya bayanin halin da yake ciki da harshen da yake fahimta. Bafulatanar da ta fito daga ruga, ko likita mai yi wa ƙasa hidima da bai iya Hausa ba, suna buƙatar tafinta mai riƙon amana, ba duk wanda aka tarar a baranda ba.

Daura ta samu gine-gine, ciki har da asibitin sojojin sama da aka buɗe a 2019, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da asibitocin ƙauyuka. Ina ganin ya kamata a riƙa jarraba ɗalibanta a kan yadda suke tambaya da saurare, kamar yadda ake jarraba su a kan allura. A koya musu kuma kada su sallami uwa da "Kin gane?", domin "E" za ta ce. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa sau shida ake shan sa cikin kwana uku, iyaye da dama kuwa kan daina da zarar jikin yaro ya yi sanyi. Sai a ce mata, "Inna, faɗa mini yadda za ki ba shi in kin koma gida," a saurara har ta kai rana ta uku.