Hanyoyin Shiga Aljeriya: Mu Sani Kafin Mu Ɗauki Jaka

'Yan'uwa, bayan girbi matasa da mata da yawa daga ƙauyukanmu sukan fara maganar tafiya ci-rani zuwa Aljeriya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana hanyoyin shiga wannan ƙasa, domin kowane iyali ya yi shawara da ido buɗe.

Hanya ta fari ita ce ta jirgin sama, zuwa babban birnin ƙasar, Aljiyas. Matafiyi yana bukatar fasfo, da biza daga ofishin jakadancin Aljeriya, da katin allurar rigakafin shawara. Aljeriya ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka takardar tafiya ta ECOWAS ba ta isa ba.

Ta biyu ita ce ta jirgin ruwa. Jirage suna tsallake Bahar Rum daga Marsel ta Faransa da Alikante ta Sifen zuwa Aljiyas da Oran. Masu amfani da ita galibi 'yan Aljeriya ne mazauna Turai.

Ta uku ita ce ta mota cikin hamada, kuma ita mutanenmu suka fi bi: daga Agadas zuwa Arlit, sai Asamaka a bakin iyaka, sai In Gezam, sannan Tamanrasat. A nan ma sai da fasfo da biza. Wanda ba shi da su yakan faɗa hannun masu safarar mutane, waɗanda suke kauce wa jami'ai ta hanyoyin da babu rijiya. Idan mota ta lalace a can, babu mai kawo ɗauki. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92 a arewacin Arlit, 52 daga cikinsu yara ne. Ƙishirwa ce ta kashe su. Yawancinsu daga Kance suke, a jihar Damagaram.

Ko an isa lafiya, wahala ba ta ƙare ba. Dokar Aljeriya ta 2008 ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya shiga ba takardu. Dubban baƙi kuma an sha sauke su a bakin iyaka, su taka wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. Mu kuma sani, dokar 2006 ta hana yi wa Musulmi wa'azi domin ya sauya addini, ta kuma hana yin sujada a wurin da hukuma ba ta amince da shi ba.

Saboda haka muna roƙon iyaye, da dattawan ikilisiya, da shugabannin zumuntar mata: kafin a sayar da akuya ko a jinginar da gona domin kuɗin mota, a zauna da mai tafiyar a tambaye shi. Ina fasfonka? Ina bizarka? Wa zai karɓe ka a can? In babu amsa, a dakata tukuna. Kuɗin nan zai iya zama jarin noman rani ko kiwo a gida.

Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu.