Ɓaraguzan Gini a Izom: Abin da Ake Zubarwa da Abin da Ake Tsincewa

Duk inda aka yi gini sai an bar saura: fasassun bulo, guntayen rodi, katakon dakin, lanƙwasassun ƙusoshi, da buhunan siminti da iska ke yawo da su. A Izom, garin da ke kan hanyar Suleja zuwa Minna a ƙaramar hukumar Gurara, wannan saura yana ƙaruwa tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a watan Disamba na 1991, gine-gine suka riƙa bazuwa daga birnin zuwa Suleja da garuruwan da ke bayanta.

Ginin ƙasa bai san wannan matsala ba. Idan damina ta kayar da katanga, ƙasar ba ta zama shara. Magini ya farfasa ta, ya jiƙa ta da ruwa, ya zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu, sannan a mulmula sabon tubali. Ƙasar kango ita ce ƙasar sabon ɗaki. Azara kuwa, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa akan zare ta daga tsohon soro a ɗora a sabo, har jika ya kwana ƙarƙashin azarar kakansa. Abin da ya fi ban sha'awa yana ƙasar Nufe, wadda hanyarta ta rabu a Lambata ta bi ta Lapai zuwa Bida. A can har daɓe ake yi da tsingaro. Tukunyar da ta fashe a hannun uwargida, ita ce za a jera gutsattsarinta a ƙasa, a daɓe, ta zama tsakar ɗaki mai sheƙi. Tukunya ta fashe, amma ba ta tafi juji ba.

Siminti ne ya sauya lissafi. Da zarar ya sha ruwa ya daskare, ba ya komawa gari, ko an daka shi. Ga tsada, ga kuma hayaƙi, domin masana'antar siminti ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar carbon dioxide da ke ɗumama duniya. Fasasshen bulo ba shi da wani amfani da ya wuce ciko: a zuba a harsashin gini kafin a yi daɓe, ko a cike ramin da zaizayar ruwa ta haƙa a ƙofar gida.

Saboda haka, yawan abin da za a tsira da shi ya dogara ne da yadda aka sauke ginin. Akwai kwancewa, akwai rusau. Mutanen wannan yanki sun ga bambancin a shekarun 2003 zuwa 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja. Wanda ya ga jan fentin alamar rusau a bangonsa ya yi sauri ya kira kafinta, ya tsira da kwano, da ƙofofi, da tagogi, da katakon rufi, ya loda a akori-kura. Wanda ya jira katafila, sai ɓaraguzai. A kan ɓaraguzan nan ne 'yan gwangwan ke samun abinci: lebura ya yini da guduma yana fasa kankare don ya zaro rodi, ya ɗora a kan dutse ya miƙe shi, ya kai panteka a auna masa a sikeli. Tsohon kwano kuma a toshe ramukan ƙusarsa da kwalta, ya rufe shago ko ɗakin girki.

Sai dai ba kowane tsohon kaya ne ke komawa inda ya fito ba. Rodin da tsatsa ta ci, aka lanƙwasa aka miƙe, bai dace da ginshiƙi ko dakin ba. Gurbinsa ƙarfen taga, ko kamfanin narkar da ƙarfe. Ɗan kwangilar da ya cusa shi a bene don ya rage kuɗi, rayukan mutane ya sa a caca. Akwai kuma batun sata: a watan Janairu na 2025 hukumomin Abuja sun rufe kasuwannin panteka na mako biyu, bayan an yi ta sace murafan magudanun ruwa a kan tituna.

Rage ɓarna tun farko ya fi arha. A auna ɗaki daidai da tsawon bulo don kada birkila ya yi ta sara. A ɗora siminti a kan katako, nesa da danshi, kuma kada a kwaɓa fiye da abin da za a ƙarar kafin a tashi. Katakon dakin, idan aka shafe shi da mai kafin a zuba kankare, yana fita lafiya ya yi wani aikin.