Haƙƙin Tsohon Kare In Zuciyarsa Ta Gaza

Duk wanda ya san birnin Bauchi a shekarun nan, tun daga tsofaffin unguwanni irin su Jahun da Nasarawa har zuwa sababbin gidajen da suka bazu wajen Yelwa da Gwallameji da Fadaman Mada, ya san cewa kare, ko da yake ba kasafai ake ambatonsa da alheri ba, yana cikin masu yi wa mutanen garin nan hidima dare da rana. Mafarauta suna fita daji da nasu in kaka ta wuce ciyawa ta bushe, masu garke da masu gidan gona suna dogara da shi, ma'aikacin da ya yi gini a bayan gari kuwa, inda maƙwabta suka yi nisa, sau da yawa haushin karensa ne ke sa shi ya yi barci da natsuwa. Shari'a ta yarda da riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron shuka, kuma masu sharhin Risala sun ruwaito cewa shi kansa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki zai ajiye. Abin da ba a cika tattaunawa ba, a zaure ko a makaranta, shi ne hukuncin wannan dabba bayan ta tsufa, ƙarfinta ya ƙare, ciwo ya kama ta, musamman ciwon zuciya, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke ajalin tsofaffin karnuka.

Zuciyar kare, kamar ta ɗan Adam, ɗakuna huɗu gare ta, kuma tsakanin ɗakin sama da na ƙasa akwai wani ɗan marfi na nama wanda ke buɗewa jini ya wuce, ya rufe don kada ya komo. In kare ya manyanta, wato ya kai shekara takwas ko goma, marfin da ke gefen hagu yakan yi kauri ya tanƙware, ya zama kamar tsohon ƙyauren da damina ta kumbura, wanda ko an tura shi ba ya haɗuwa da dogarinsa, saboda haka duk bugun da zuciya ta yi sai wani kaso na jinin ya koma baya. Zuciya takan jure wannan shekara da shekaru, tana ƙara girma tana ƙara ƙoƙari, maigida bai san abin da ake ciki ba, har ranar da ƙoƙarin zai gaza, jini ya taru a jijiyoyin huhu, ruwa ya tsattsafo ya cika wuraren da iska ya kamata ta shiga. Wannan lalacewar marfi ita ce kusan kashi uku cikin huɗu na ciwon zuciyar karnuka, kuma ta fi kama ƙanana da matsakaita. Manyan karnukan ƙetare da masu hali ke saye don gadi, irin su Dobaman, nasu ya fi zuwa ta wata hanya, naman zuciyar ne ke yin laushi ya saki, kuma yakan same su tun ba su tsufa sosai ba. Akwai sanadi na uku da ya kamata mazauna ƙasar sauro su sani, wato tsutsar zuciya, wadda sauro ke ɗauka daga kare zuwa kare, ta girma a jijiyoyin huhu da gefen dama na zuciya har tsawonta ya kai kusan santimita 30. Ita kaɗai ce a cikin ukun ake iya yi wa rigakafi tun kare yana ƙarami.

Maharbi yakan riga kowa ganewa, domin karen da a da yake gaban tawaga sai a ga ya koma baya, yana haki tun rana ba ta ɗaga ba, yana neman inuwa. Karen gadi kuwa, wanda yini yake a ɗaure, ciwonsa yakan ɓuya har sai ya yi nisa. Alama ta farko da aka fi ji ita ce tari da dare ko da asuba, busasshe, mai kama da ƙoƙarin amayar da wani abu, shi ya sa mutanen gida kan ce ƙashi ne ya maƙale masa, ko kuwa ƙurar hunturu ce. Daga baya sai ya daina kwanciya a gefe guda, ya riƙa tsayuwa ko zama ya ware ƙafafun gaba ya miƙa wuya, saboda a haka ne kawai numfashi ke shigar masa. Wani cikinsa ya kumbura da ruwa alhali ƙashin bayansa yana fitowa, a yi ta ɗura masa maganin tsutsar ciki a banza. Wani ya yanke jiki ya faɗi in ya yi haushi da ƙarfi, ya farfaɗo bayan ɗan lokaci. In aka ɗaga leɓensa aka ga dasashi ya yi fari ko toka-toka, to al'amari ya yi tsanani, sai dai a lura cewa cututtukan da kaska ke kawowa su ma suna shanye jini su sa dasashi fari da kasala, kuma waɗannan ana warkar da su, don haka kada a yanke hukunci kafin likita ya duba.

Akwai wani awo da kowa zai iya yi a gida ba tare da kashe ko kwabo ba, kuma likitocin dabbobi a duniya suna dogara da shi ƙwarai. In kare ya yi barci sosai a wuri mai sanyi, a dubi ƙirjinsa, a ƙidaya sau nawa ya ɗaga ya sauka cikin minti ɗaya. Lafiyayyen kare ba ya wuce talatin. In aka ga yana haura talatin dare bayan dare, mai yiwuwa ruwa ya fara taruwa a huhu ke nan, ko kuwa maganin da ake ba shi ya daina isa.

Aikin likitancin dabbobi a ƙasar nan a kan shanu aka gina shi, domin cibiyar binciken da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, annobar bushiya ce ta sa aka kafa ta, kuma har yau saniya da akuya da kaza su ne suka fi cin lokacin ma'aikatan dabbobi na jiha, bisa ga gaskiya kuwa, tun da su ne dukiyar talaka. Duk da haka likitan dabbobi a Bauchi, da abin saurare kawai a kunnensa, yana iya jin sautin jinin da ke komawa baya ya gane inda aka dosa, wanda kuma ke da halin neman hoton ƙirji da sikanin zuciya yana iya kai karensa asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Babu maganin da ke mayar da marfin da ya lalace yadda yake, wajibi ne a faɗi wannan a sarari, amma akwai masu rage wahala su ƙara kwanaki. Na farko shi ne furosemaid, wanda aka fi sani da Lasix, mai fitar da ruwa ta fitsari, yana da araha kuma ana samunsa a kantunan magani. Na biyu fimobendan, wanda ake sayarwa da sunan Vetmedin, yana ƙarfafa bugun zuciya ya buɗe jijiyoyi, daga waje ake shigo da shi kuma yana da tsada. Wani bincike da aka buga a 2008, a kan karnuka 260 waɗanda zuciyarsu ta riga ta gaza, ya nuna cewa waɗanda aka ba fimobendan sun kai kimanin kwana 267 kafin mutuwa ko gazawar magani, waɗanda aka ba wani maganin daban kuwa kwana 140. Mai hankali zai karanta wannan lissafi ta fuska biyu, domin ya nuna amfanin magani, ya kuma nuna cewa ko da mafi kyawun magani watanni ake magana a kai.

Abin da ya rage a hannun mutanen gida ya fi yawa, kuma mafi yawansa kyauta ne. Zafin Maris da Afrilu a Bauchi, sa'ad da ma'auni ke kusantar digiri 40, shi ne babban maƙiyin kare mai ciwon zuciya, tun da kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma wanda huhunsa ke da ruwa ba shi da sauran numfashin da zai yi hakin da shi. A kwance shi daga sarƙar da ke tsakar rana, a mayar da shi inuwa mai iska, a ajiye masa ruwa kullum, musamman in yana shan Lasix, wanda ke sa ƙishirwa, hana shi ruwa kuwa yana lalata ƙoda. A rage masa gishiri, ma'ana a daina zuba masa ragowar miyar da ta sha dunƙule da albasa, da ƙasusuwan tsire da kilishi, albasar ma a kanta guba ce ga jinin kare. A bar fita da shi farauta ko da ya tashi yana kaɗa wutsiya da ya ji kiɗa. Kada kuma tausayi ya sa a ba shi magungunan ciwon jiki na mutane, domin irin waɗannan ƙwayoyi suna huda cikin kare su kashe masa ƙoda, balle wanda ya riga ya raunana. Ba na ganin laifin magidancin da kuɗin makarantar 'ya'yansa ya hana shi sayen maganin ƙetare, domin ciyar da iyali wajibi ne da ya gabaci wannan, amma inuwa da ruwa da sassauta sarƙa babu wanda talauci ya hana shi su.

Inda zuciyata ta fi ɓaci shi ne abin da akan yi in an ga kare ya daina amfani. Wani ya sa shi a mota ya kai shi can bayan gari ya sake shi, yana ganin ai bai kashe ba, alhali ya bar dabbar da ba ta iya gudu ga ƙishirwa da duwatsun yara. Wani ya zuba masa shinkafar ɓera ko fiya-fiya a abinci, mutuwar da ke zuwa da zubar jini na kwanaki ko da jijjiga da kumfar baki, kuma gubar takan kai ga kajin gida da ƙananan yara. Wani ya sayar wa fataken da ke kai karnuka kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato, kuma ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan ciniki, cusa kare mai shaƙewar numfashi cikin keji a bayan mota a tsakar rana azaba ce, naman dabbar da ta daɗe tana shan magani kuma yana iya cutar da mai ci. Duk ɗalibin hadisi ya san labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa, da na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya ɗaure dabba ya hana ta neman abincinta da kanta, ya ci moriyarta shekara goma, ya ɗauki amanarta ke nan, kuma amanar ba ta faɗuwa don haushinta ya dushe.

Shin ya halatta a gaggauta mata mutuwa don a hutar da ita? Malamanmu na Malikiyya ba su bar mas'alar ba bayani ba. Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda Muhtasar ɗinsa ke hannun alƙalai da malaman zaure a ƙasar Hausa tun da daɗewa, ya ambata a babin yanka cewa ya halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta in an yanke ƙauna daga gare ta, masu sharhi kuma suka yi misali da jaki da alfadari, suka ce dalili shi ne hutar da ita. Akwai daga malaman Shafi'iyya waɗanda suka hana, suka ce a bar ta ga ajalinta, kuma wanda zuciyarsa ta karkata ga wannan ba a zarginsa, muddin ya ci gaba da jinyarta har ƙarshe. Wannan rangwame na dabba ne kaɗai, bai shafi ɗan Adam ba ta kowace fuska. Sharaɗinsa kuwa yanke ƙauna ne na haƙiƙa, wanda likita ne ya fi cancanta ya tabbatar, bayan an ga cewa ƙarin magani ba ya saukar da numfashi, kare ya ƙi abinci kwanaki a jere, ba ya iya kwanciya ya yi barci, yana suma a kai a kai, ranakun wahalarsa sun rinjayi na sauƙinsa. Gajiyar maigida da ɗawainiya ba ta cikin waɗannan sharuɗɗa. A ɗaya gefen kuma, jinkirtawa har sai ruwa ya shaƙe shi da tsakar dare, don mutum ya kasa daurewa ya yanke shawara, shi ma ba jinƙai ba ne, domin mutuwar ciwon zuciya in ta zo da kanta sau da yawa da shaƙewa da firgita take zuwa.

Hadisi na goma sha bakwai cikin Arba'una na Imamu Nawawi ya yi umarni da kyautatawa hatta wajen kisa da yanka, kuma a zamaninmu mafi kyawun hanyar cika wannan umarni ga kare ita ce ta likita. Yakan fara yi masa allurar da za ta kwantar masa da hankali, sa'an nan ya sa masa maganin barci mai ƙarfi ta jijiyar ƙafar gaba fiye da ƙima, cikin daƙiƙu kaɗan hankalinsa ya gushe, cikin 'yan mintoci zuciya ta tsaya. Wani lokaci jiki yakan motsa ko ya ja numfashi bayan haka, idanu kuma su zauna a buɗe, kada wannan ya tsorata kowa, ba ya jin komai a lokacin. Ya fi kyau a roƙi likita ya zo gida da sanyin safiya in zai yiwu, kuma wanda kare ya fi sabawa da shi ya tsaya kusa. Yaran gida, waɗanda galibi su ne suka rene shi tun yana kwikwiyo, a gaya musu gaskiya gwargwadon hankalinsu maimakon a ce musu ya ɓata, don kada su yi ta nemansa a unguwa.

Gawar kuma kada a jefa ta a bola ko a kwalbati, domin maganin barcin nan yana zama cikin naman, ya kashe ungulu ko wani karen da ya ci. A haƙa rami mai zurfin aƙalla mita ɗaya, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a rufe a danne da duwatsu. In kuma likita ya ce tsutsar zuciya ce sanadi, to sauran karnukan gidan da na maƙwabta sauro ɗaya ya cije su, sai a kai su a gwada jininsu kafin damina ta sauka.