Daga Jado zuwa Yamai: Yadda ake tankaɗe 'yan takarar shugaban ƙasa kafin su iso gaban mai zaɓe

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗora kaya a babbar mota daga Agadas ya keta Tenere ya bi ta Dirku zuwa Jado, ya san cewa kafin buhun shinkafa ko jarkar mai ta iso hannun mai saye, ta riga ta wuce hannaye da shingaye masu yawa. Abin da ya tsallake ya iso rumfa, a cikinsa mai saye zai zaɓa. Haka lamarin yake ga takardar ƙuri'ar shugaban ƙasa. A ranar 27 ga watan Disambar 2020, mai zaɓe a Shirfa, cibiyar ƙaramar hukumar Jado da ke cikin gundumar Bilma, ya tarar da 'yan takara 30 suna jiran ya dangwala wa ɗayansu. To amma mutum 41 ne suka kai takardunsu tun da farko. Ina sauran 11 suka shiga? Kuma su waɗannan 30 ɗin, wa ya ɗauko su, ta wace ƙofa suka bi?

Tambayar ta shafi mai rumfa da mai tallan abinci kai-tsaye. Mutanen Jado ba sa buƙatar a ba su labarin yadda hukuncin da aka yanke a Yamai, mai nisan fiye da kilomita 1,000, yake sauka a kan cinikinsu. A shekarar 2014 aka gano zinariya a yankin, dubban mutane suka kwararo daga cikin ƙasa da maƙwabta, masu sayar da ruwa da abinci da man mota suka ga ciniki irin wanda ba su taɓa gani ba. A 2017 gwamnati ta rufe wurin haƙar, kasuwa ta kwanta. Haka nan dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure ta taɓa direbobi da masu masauki da masu abinci a duk hanyar Agadas zuwa Libiya, har sai da aka soke ta a watan Nuwambar 2023. Kowane daga cikin waɗannan matakai yana da wanda ya sa masa hannu, shi ya sa sanin hanyar da mutum ke bi har ya zama ɗan takara ya zama wajibi ga mai neman na kansa.

Shingen farko: cikin gidan jam'iyya

A Najeriya da Amurka ana yin abin da ake kira zaɓen fid da gwani, inda masu neman tutar jam'iyya ɗaya suke karawa a fili, a ƙirga ƙuri'a, wanda ya fi yawa ya ɗauka. A Nijar, tun daga zaɓen 1993 har zuwa na 2020, ba haka aka saba ba. Galibi shugaban jam'iyya shi ne ɗan takararta. Manyan jam'iyya za su zauna su daidaita, sannan a kira babban taro, wakilai su zo daga jihohi a yi kiɗa da jawabai a ɗaga hannun wanda aka riga aka tsayar.

Misali mafi kusa shi ne na PNDS-Tarayya. Da yake tsarin mulki bai bar Shugaba Mahamadu Isufu ya nemi wa'adi na uku ba, sai jam'iyyar ta tsayar da Bazum Mohamed a babban taronta na Yamai a ƙarshen watan Maris na 2019, wato kusan shekara biyu kafin zaɓe. Kafin wannan taro, a ƙarshen watan Janairu, an sauke Hasumi Masa'udu daga muƙamin ministan kuɗi, kuma jaridu a lokacin sun danganta saukewar da cewa shi ma yana da sha'awar takarar. Ba a kai ga ƙirga ƙuri'a tsakanin mutanen biyu ba.

Inda kuwa manya suka kasa daidaitawa, sai maganar ta koma gaban alƙali ko jam'iyya ta dare biyu. A MNSD-Nasara rikici ya ɓarke tsakanin Seini Umaru da Albade Abuba, daga bisani Albade ya fita ya kafa MPR-Jamhuriya a 2015. A zaɓen 2020 dukansu biyu suka tsaya, kowa da tutarsa, Seini ya samu kusan kashi 9 cikin 100, Albade ya samu kashi 7 da 'yan kai. A CDS-Rahama ma an yi irin wannan tsakanin Mahaman Usman da Abdu Labo, har Usman ya rasa jam'iyyar da aka san shi da ita. A 2016 ya tsaya a inuwar MNRD-Hankuri, a 2020 kuma a inuwar RDR-Canji.

Wannan shi ne ɗaya daga cikin dalilan da suka sa jam'iyyu suka yi yawa a ƙasar, har suka haura 100. Idan mutum ya ga babu hanyar da zai gwada farin jininsa a cikin gida, sai ya ɗebi magoya bayansa ya buɗe tasa rumfar. Ƙaramin ɗan jam'iyya da ke Jado ko Bilma, wanda ya sayi kati ya ba da gudummawa ya dafa abincin taro, a rediyo yake jin wanda aka tsayar.

Shinge na biyu: takardu

Bayan jam'iyya sai doka. Kundin tsarin mulkin jamhuriya ta bakwai, na 25 ga Nuwambar 2010, ya ce a aya ta 47 mai neman shugabancin ƙasa, mace ko namiji, dole ya kasance ɗan Nijar na asali, ya cika shekara 35 a ranar da ya ajiye takardunsa, kuma ba a tauye masa 'yancinsa na ɗan ƙasa ba. An kuma shar'anta lafiyar jiki da ta hankali da kyawun hali. Don haka sai ya haɗa takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, da takardar kotu mai nuna ko an taɓa ɗaure shi, da shaidar likitoci, da rasiɗin biyan kuɗin ajiya. Ana kai su ofishin ministan cikin gida, shi kuma ya miƙa wa kotun tsarin mulki. Dokar ta kuma bar ƙofa ga wanda ba shi da jam'iyya ya tsaya da ƙafarsa.

Kalmar nan ta "ɗan asali" ta tayar da ƙura a 2020. Wasu 'yan takarar adawa sun garzaya kotu suna ƙalubalantar takardar zama ɗan ƙasa ta Bazum, wanda aka haifa a jihar Difa ya tashi a yankin Tesker. Kotun tsarin mulki ta yi watsi da ƙorafin, ya ci gaba da takara. Ga mutanen iyaka irin na Kawar, waɗanda danginsu ke warwatse tsakanin Nijar da Libiya da Cadi, kuma da yawa aka haife su nesa da ofishin da ke rubuta haihuwa, wannan shari'a darasi ce. Uwar da ta yi wa ɗanta takardar haihuwa a kan lokaci ta kare shi daga wata gardama da ka iya tasowa bayan shekara 40. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shinge na uku: kuɗi

A zaɓen 2020 kowane ɗan takara sai da ya zuba miliyan 25 na sefa a baitulmali. A lissafin kasuwa, jika dubu 25 ke nan. Matar da ke ajiye ribar jika biyu kowace rana, ba fashi ba ciwo ba biki, sai ta yi fiye da shekara 34 kafin ta tara wannan kuɗi. Kuma wannan kuɗin shiga ne kawai, ba a zo maganar motoci da mai da atamfa da makaɗa ba.

Masu goyon bayan wannan sharaɗi suna cewa in babu shi, kowa ma sai ya fito, takardar ƙuri'a ta zama tabarma. Suna da hujja, domin ko da kuɗin, an samu mutum 30, kuma da dama daga cikinsu ko kashi 1 cikin 100 ba su samu ba. Masu suka kuma suna cewa kuɗi aljihu yake aunawa, ba ya nuna yawan mutanen da ke bayan ɗan takara. Wanda ba shi da su sai ya je wurin mai su, galibi babban ɗan kasuwa, kuma kowa ya san bashi ba ya ruɓewa. Idan an ci zaɓe, da kwangila da sassaucin kwastan ake biya, ƙaramin ɗan kasuwa kuma ya rasa yadda zai yi gogayya da wanda kayansa suka shigo da rangwame.

Wannan shinge ya fi tsanani ga mata. Sai a zaɓen 2011 aka fara ganin mace a takarar shugaban ƙasa a Nijar, wato Mariama Bayard Gamatie, ɗaya daga cikin 'yan takara 10, kuma ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Alhali kuwa ranar zaɓe, layin mata ba ya kasawa.

Shingen ƙarshe: kotun tsarin mulki

A tsakiyar watan Nuwambar 2020 kotun ta fitar da jerin sunaye, ta amince da 30 ta ƙi 11. Mafi yawan waɗanda aka ƙi, kuɗin ajiyar ne ba su biya ba. Amma sunan da ya girgiza ƙasa shi ne na marigayi Hama Amadu na Lumana. Shi ne ya zo na biyu a zagayen farko na zaɓen 2016 alhali yana tsare a gidan kurkukun Filinge. A 2017 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya a shari'ar nan ta jarirai, wadda shi da magoya bayansa suka dage cewa bi-ta-da-ƙullin siyasa ce. Aya ta 8 ta dokar zaɓe ta hana wanda aka yanke wa ɗaurin shekara ɗaya ko fiye shiga rajistar masu zaɓe, a kan haka kotun ta ce bai cancanta ba. Hukuncin wannan kotu ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Hama ya umarci mutanensa su zaɓi Mahaman Usman, wanda ya je zagaye na biyu a ranar 21 ga Fabrairun 2021, aka bayyana Bazum da kashi 55 da ɗoriya, Usman da kashi 44 da ɗoriya.

Yadda ake yi a wasu wurare

'Yan kasuwarmu masu zuwa Kano da Katsina sun ga yadda aka yi a Najeriya a 2022. Fom ɗin neman takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka sayar da shi, a PDP kuma miliyan 40. Bayan sayen fom sai kwamitin tantancewa na jam'iyya, sannan wakilai su taru a Abuja su jefa ƙuri'a. A PDP Atiku Abubakar ya samu 371, Nyesom Wike ya samu 237. A APC Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. An yi ƙirga a fili kowa ya gani, sai dai ƙorafin sayen wakilai da dalar Amurka ya cika jaridu. Ke nan wakilai 'yan dubbai ne suka tsayar wa mutum sama da miliyan 90 masu rajista manyan 'yan takara biyu.

A Amurka kowace jiha da nata sharaɗin shiga takardar zaɓen fid da gwani. A New Hampshire dala 1,000 ake biya. A Indiana sai an kawo sa hannun masu zaɓe 500 daga kowace mazaɓa cikin mazaɓu tara na jihar. A Virginia, a 2012, ana buƙatar sa hannu 10,000, kuma manyan 'yan takara irin su Newt Gingrich da Rick Perry suka kasa cikawa, aka buga takardar da sunaye biyu kacal. Amfanin sa hannu shi ne yana tilasta wa mai neman mulki ya je ƙofar talaka tun kafin ya zama ɗan takara, ko da yake tara sa hannun ma yana cin kuɗi.

Halin da ake ciki

Duk abin da aka zayyana game da Nijar ya zama tarihi. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazum suka jingine tsarin mulkin 2010. A ranar 26 ga Maris na 2025 aka rantsar da Janar Abdurahaman Tiani a kan wa'adin shekara biyar wanda za a iya sake dubawa, aka kuma rusa dukkan jam'iyyun siyasa. Ma'ana, duk ranar da za a koma ga zaɓe, sai an rubuta sababbin ƙa'idoji na kafa jam'iyya da na tsayawa takara.

A lokacin wannan rubutu ne ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata masu adashi su buɗe ido su sa baki. Shin ɗan jam'iyya da ke Shirfa ko Dirku zai samu ƙuri'a wajen fid da ɗan takara, ko kuwa sai dai ya ji a rediyo kamar da? Nawa za a sa kuɗin ajiya, kuma za a tilasta wa ɗan takara ya faɗi wanda ya ba shi? Za a nemi sa hannun masu zaɓe daga kowace jaha, yadda mai son mulki zai tako har Kawar ya roƙa? Wa zai naɗa alƙalan da za su yi tankaɗe na ƙarshe? Duk wanda ya iya taya kaya ya san cewa tun a wurin sari ake cin riba ko a faɗi. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka, amin.