Ƙera Ƙananan Jiragen Rimot a Abuja: Basirar Matasa da Fargabar Jami'an Tsaro

Shekaru ashirin da suka wuce, duk wanda ya yi sha'awar ƙera ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot a Najeriya, to sai in mai hannu da shuni ne, ko yana da ɗan'uwa a Turai da zai riƙo masa kaya. Injinan lokacin masu shan mai ne, man ma ba na gidan mai ba, wani haɗi ne na sinadarin metanol da man zurma. Katakon balsa mara nauyi da ake yin gangar jirgin da shi kuwa, akasarinsa daga Ekwado yake fitowa. Yanzu zamani ya juya. Batirin litiyam, ɗan'uwan wanda ke cikin wayoyinmu, da ƙananan injinan lantarki da masana'antun China ke fitarwa bila'adadin, sun karya farashin kayan. Rimot mai aiki da gigahaz 2.4, wanda ya bazu tun tsakiyar shekarun 2000, ya kawar da matsalar cuɗanyar siginar wani da ta wani. Ga kuma YouTube, inda ake koyon aikin daga yankan fiffike har zuwa saukar da jirgi, ba tare da an biya ko sisi ba.

Basirar dama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya tashi a arewa ya san motar kara da ta langa-langa. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, har ya ɗaga 'yan ƙafafu daga ƙasa. A 2022 kuma aka yi ta yaɗa bidiyon Bolaji Fatai na jihar Oyo, yana tashin jirgin rimot da ya haɗa da kayan da mutane suka zubar. Tsakanin waɗannan biyun akwai matasa da dama da ke yanka soson da ake naɗe firij da talabijin da shi, su haɗa da gam da dalma, su ɗora bidiyon a Facebook ko TikTok. A yi musu tafi kwana biyu, wani lokaci a kai su gaban wani babba a ɗauki hoto, daga nan shiru.

A wajen masu wannan sana'a a ko'ina cikin duniya, ɗaya daga cikin manyan jarrabawa ita ce ƙera kwafin jirgin yaƙi mai jefa bama-bamai, mai inji biyu, irin su B-25 na Amurka ko Mosquito na Ingila. Irin waɗannan jirage suna da tarihi a sararinmu. Jiragen farko da suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku samfurin DH.9A daga Masar, asalinsu ƙananan masu jefa bam ne. Daga 1940 aka riƙa haɗa jiragen Blenheim masu inji biyu a Takoradi ta Gana, su ratsa ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. A yaƙin basasa, jirgin B-26 na Biyafara ya kai hari filin jirgin Makurɗi a Yulin 1967, gwamnatin tarayya kuma ta yi amfani da Il-28 ƙirar Rasha. Saboda haka mai neman samfurin da ya shafi tarihin ƙasarsa ba zai rasa ba.

Me ya sa inji biyu ke da wuya haka? Faɗin fukafukan B-25 na ainihi ya ɗara mita 20. In aka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin goma, za a samu jirgi mai faɗin mita biyu, wanda nauyinsa kan kai kilo takwas, saboda gidajen inji biyu, da tayoyi masu naɗewa, da jela mai reshe biyu, da fenti da kayan ado. Fiffiken kuma siriri ne, domin dole ya yi kama da na asali. Nauyi mai yawa a kan siririn fiffike yana tilasta wa jirgi gudu, in ya sassauta sai bakin fiffike ɗaya ya saki iska, jirgin ya kife. Shi ya sa gwanaye ke ɗan murɗa ƙarshen fiffiken ƙasa tun wajen ƙira. Sannan akwai wurin daidaiton nauyi, wanda yawanci ke faɗowa tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin fiffike in an auna daga gabansa. In nauyi ya rinjaya gaba, jirgin zai tashi da kasala amma zai dawo gida. In ya rinjaya baya, da wuya a sake ganinsa a haɗe.

Babbar masifar ita ce mutuwar inji ɗaya a sama. Abin kamar shanun huɗa ne: in ɗaya ya tsaya ɗaya na ja, garma ba ta miƙe kunya, karkacewa take yi. Matuƙin babban jirgi yana jin karkacewar a jikinsa nan take ya taka fedar da ke juya jela. Mai rimot yana tsaye a ƙasa, nesa da jirginsa, kafin idonsa ya gaya masa abin da ya faru daƙiƙa biyu sun wuce, sau da yawa kuma shi ke nan. Don haka duk dabarun saiti a kan wannan haɗari suke kewayawa. Akan ɗan karkata kowane inji zuwa waje da digiri biyu ko uku. Akan sa farfelolin su riƙa juyawa saɓanin juna. Masu aiki da lantarki sukan ciyar da injinan biyu daga batir guda, don in wuta za ta ƙare ta ƙare musu tare. Ana auna gudun kowace farfela har su zo ɗaya, a gwada nisan da rimot ke kaiwa, a kuma saita jirgin yadda in sigina ta yanke zai kashe injinansa da kansa. In duk da haka ɗaya ya mutu, ƙa'ida ita ce a rage wa mai ran wuta, a sunkuyar da hanci, a lallaɓo ƙasa.

Na tsawaita a nan da gangan, domin mai karatu ya ga yawan ilimin da ke cikin abin da mutane ke kira wasan yara. Matashin da ya kai ga wannan mataki ya san lissafin nauyi, ya san wutar lantarki, ya san halin iska, ya kuma koyi haƙurin bin kuskure har ya gano tushensa. Yanayin Abuja ma malami ne mai tsanani. Zafin Fabrairu da Maris na kumbura batir ya kuma saki gam, ƙurar hunturu na shiga inji ta kuma ɓoye jirgi mai launin toka daga idon mai shi, iskar farkon damina kuwa ba ta sallama.

To amma a daidai lokacin da kayan suka sauƙaƙa, sai wasu ƙofofin suka rufe. A watan Mayun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta haramta tashin duk wani jirgi mara matuƙi sai da izininta da kuma amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Shigo da irin waɗannan na'urori ma sai da takardar shaida daga wannan ofishi, in babu ita kwastan na iya riƙe kayan. Tsarin neman izinin da aka fitar a lokacin, da rajistar kamfani da kuɗin cike takardu har Naira dubu 500, an yi shi ne da 'yan kasuwa a zuciya, irin masu ɗaukar fim da masu safiyo da masu duba bututun mai. Ɗalibin da ke son ya gwada jirgin soso ranar Asabar bai shigo lissafin ba. Sai kuma faɗuwar Naira ta zo ta ƙara: dalar da ake saya wajen Naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ana samun waya da dalma da caja a shagunan Banex da kasuwar Wuse, ana samun falanki a Dei-Dei, amma inji da rimot da batirin jirgi da dala ake sayo su.

Ban ga laifin jami'an tsaro ba da suke ɗari-ɗari, kuma duk mai son wannan sana'a ya kamata ya faɗi haka da babbar murya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A Disambar 2024 mayaƙan ISWAP sun kai wa sansanin soja na Wajiroko a jihar Borno hari da ƙananan jirage marasa matuƙa, kuma a Janairun 2025 rundunar soja ta Haɗin Kai ta haramta tashinsu a arewa maso gabas. Yaƙin Yukren ya nuna wa kowa ɓarnar da na'urar 'yan ɗaruruwan daloli ke iya yi. Talakawa ma suna da nasu tabon. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja mara matuƙi ya kashe mutum aƙalla 85 a wajen Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi. Mutumin ƙauyen da ya ga abu mai siffar jirgin yaƙi yana shawagi bisa gonarsa ba zai tsaya tambayar ko na soso ne ba, kuma yana da gaskiya. A Abuja abin ya fi tsanani, ga fadar shugaban ƙasa, ga majalisa, ga barikoki da ofisoshin jakadanci, ga filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Lambun Millennium, wanda shi ne filin da ido zai fara kaiwa gare shi, yana dab da fadar.

Sai dai a duba abin da matsin ya haifar. Ɗan ta'adda ba ya zuwa ofis neman izini, ta kan iyaka yake shigo da nasa. Wanda dokar ke kamawa shi ne mai tsoron doka. Cikin matasan, wasu sun haƙura sun rataye jirginsu a bango. Wasu kuma sukan saci jiki su tafi bayan gari, ba malami, ba mai duba musu saiti, ba wanda ya san suna can. Wannan na biyun shi ne mafi haɗari, domin jirgi mai kilo takwas da farfela biyu in ya kuɓuce ya faɗa cikin mutane ba ƙaramin rauni zai yi ba, batirin litiyam kuma in ya fashe gobara ce. Hukuma ta rasa sanin su wane ne masu wannan ilimi, su kuma sun rasa wurin koyon ladabinsa.

Asarar da ta fi damuna ita ce ta gobe. Frank Wang, wanda ya kafa kamfanin DJI mai ƙera ƙananan jirage marasa matuƙa a 2006, da son jiragen rimot masu saukar ungulu ya fara. Abraham Karem, wanda aikinsa ya haifi jirgin Predator na Amurka, tun yana yaro yake ƙera ƙananan jirage, kuma a garejin gidansa ya haɗa samfurinsa na farko. Ko a gida, jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna don sojan sama, an ɗauko shi ne daga RV-6A, jirgin da aka zana domin masu haɗawa da hannunsu a gida. Najeriya ta ƙaddamar da nata jiragen marasa matuƙa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, amma har yanzu manyan jiragenta marasa matuƙa daga China da Turkiyya take sayowa. Kamfanin Zipline ya fara kai magunguna da ƙananan jirage a jihar Kaduna a 2022, kuma irin wannan aiki yana buƙatar hannayen da suka saba da fiffike da batir. Muna da kwalejin horar da matuƙa a Zariya tun 1964, muna da cibiyar fasaha ta sojan sama, AFIT, a Kaduna, muna da hukumar kimiyya da injiniya, NASENI, da hukumar binciken sararin samaniya a nan Abuja. Duk waɗannan daga sama suke ɗiban mutane, bayan sun gama sakandare ko jami'a. Matakin ƙasa, inda ɗan shekara goma sha uku zai karya jirgi ya gyara ya sake karyawa, shi ne babu.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan ƙulli, kuma su ma suna da maƙiya. A Amurka ƙungiyar masu ƙananan jirage ta AMA tana nan tun 1936, da kulob sama da 2,000, akasarinsu da filayen da hukuma ta san da su. Ana yi wa duk abin da ya kai giram 250 rajista, ba a kuma wuce tsayin kusan mita 120. A Afirka ta Kudu ƙungiyar SAMAA ce ke kula da filaye da gwada ƙwarewar mambobi a ƙarƙashin idon hukumar jiragen ƙasar. Hikimar mai sauƙi ce: a tara masu sha'awar wuri ɗaya, a san sunansu da fuskarsu, sannan duk abin da aka gani yana tashi a wajen wannan wuri a ɗauke shi abin zargi kai tsaye. Ta haka aikin jami'in tsaro ma raguwa yake yi.

Birnin tarayya ya haura murabba'in kilomita 7,000. A yankin Kwali ko Abaji, nesa da hanyar saukar manyan jirage, ba za a rasa fili mai tsawon mita 200 da za a share a kewaye ba, bayan an zauna da sarakuna da manoman wurin an fahimtar da su. A buɗe shi ranakun Asabar da Lahadi, a ajiye jami'i da littafin rajista a ƙofa, a rubuta lamba a jikin kowane jirgi, a hana ɗaura kyamara ko wani kaya sai da izini na daban. Makarantun fasaha su riƙa kawo ɗalibansu, tsofaffin injiniyoyin sojan sama da suka yi ritaya su riƙa duba saiti kafin a tashi. Kada kuma a bar sabon shiga ya taɓa mai inji biyu sai ya ƙware a kan mai inji ɗaya.

Kira nake ga ma'aikatar sufurin jiragen sama, da NCAA, da ofishin mai ba da shawara kan tsaro, da ministan Abuja: ku ware wa masu koyo rajista mai sauƙi da arha, daban da ta 'yan kasuwa, ku kuma ba su fili guda. Ku kuma matasa masu wannan baiwa, ku haɗa kanku ku yi rajistar ƙungiya, ku je ku ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi da sunayenku a rubuce. Kafin a ba ku amsa, kada wanda ya tashi jirgi kusa da bariki, ko filin jirgi, ko bisa kan jama'a.